Ɗaya ga Janairu

A ɗakin shan magani na Harbo
ni ne mai shigar da sunaye.
Tebur ɗaya, kujera mai ƙafa uku da bulo,
da na'urar da aka aiko daga Dutse
wadda ba ta karɓar mutum
sai ya zo da rana, da wata, da shekara.

Iya Asabe ta zauna, ta jingine sandarta.
Na ce, Iya, yaushe aka haife ki?
Ta ce, ga shi nan a sunana, ɗan nan.
Daren Asabar, bayan magariba,
gero yana bununi,
shekarar da fara ta sauka a gonar kawu Nomau
ta bar masa kara tsaye kamar tsintsiya.

Na duba gidan rana, babu gurbin magariba.
Gidan wata bai san bununi ba.
Gidan shekara lamba huɗu yake so,
ko fara ɗaya ba za ta shiga ba.

Sai na yi abin da aka koya mana a bita:
ɗaya ga Janairu, hamsin da takwas.
Na'ura ta lissafa, ta ce Laraba ce.
Iya ta yi dariya har ta sarƙe:
To, sai ku sake yanka mini rago.

Yanzu rabin tsofaffin garin nan
rana ɗaya suka faɗo duniya.
Da Marka, da aka haifa ruwa na tsuga,
da Azumi mai ƙuli-ƙuli, da Sallau mai facin keke,
duk ɗaya ga Janairu.
Ina tausayin ungozomar da ta yi wannan aiki.

Ran nan hadari ya kwana uku, sola ta kwanta.
Ashe akwai wani ɗan batir a cikin na'urar,
bai fi kwabo faɗi ba,
shi ke riƙe mata lokaci in ta yi barci.
Ya mutu ban sani ba.
Ta farka a shekarar saba'in,
can inda take fara ƙirga daƙiƙoƙinta,
ni kuwa na shigar da jaririn Hansatu,
ko cibiyarsa ba ta faɗi ba.
Da agogo ya dawo hayyacinsa
yaro ya haura hamsin.
Ya girmi uwarsa, ya girme ni.
Aka cire shi daga jerin rigakafi,
wai ya wuce.

Injiniya Barau ya zo a babur da sukudireba.
Yana kwance-kwance yana ba ni labari:
can ƙasar Turawa an taɓa kwanciya biyu ga wata
aka wayi gari sha huɗu,
hukuma ta share kwana goma sha ɗaya
don kalanda ta kamo tafiyar rana.
Wasu na'urorin, in ji shi, sun san da ramin,
wasu su bi ta kai kamar ba a haƙa ba.
Na ce, mai bin bashi a kwanakin nan fa?
Ya ce, miƙo mini wancan notin.

Da yamma maza suka taru bayan masallaci
suna laluben jinjirin wata ta saman giginya.
Na'ura tun safe ta yanke hukunci.
Su kuwa ba su gan shi ba.
Gobenmu ta shigo da kiran salla,
tata tana can tana jiran sha biyun dare.

Na koma ciki, na buɗe shafin Iya Asabe.
Can ƙasa akwai ɗan fili na ƙarin bayani
da ba wanda ke karantawa a Dutse.
Harafi sittin kawai yake ɗauka.
Na rubuta da yatsa ɗaya:
Daren Asabar, gero na bununi,
shekarar fara a gonar kawu Nom